Fitilar keke: a fara da ta baya kafin a nemi mai ƙarfin haske

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da mutane suke ɗauka ƙarami ne, alhali yana jefa rayukan bayin Allah cikin haɗari kowane dare a nan Tahoua, wato hawan keke cikin duhu babu fitila, ko kuma da fitilar da ba ta dace da aikin ba.

Masu hawan keke da dare ba yawon banza suke yi ba. Akwai mai gadi da zai kama aiki bayan magariba, da ɗalibin da ya tsaya karatu har dare, da mai kai biredi shaguna tun da asuba, da mai lambu da yake so ya iso kasuwa da kayan miya kafin rana ta yi zafi. A watannin Nuwamba da Disamba rana tana faɗuwa a garin nan jim kaɗan bayan ƙarfe 6, kuma ba a cika rabin awa ba duhu ya rufe. Saboda haka mutumin da ya bar wurin aiki yana ganin hanya sarai, sau da yawa a cikin duhu yake isa gida.

Abin da na lura da shi shi ne, duk wanda ya tashi sayen fitila, ta gaba yake nema, kuma tambayarsa ɗaya ce ga mai shago: wacce ta fi haske? Wani ya ɗaure tocila a kan keken da robar tsohuwar taya, wani ya kunna fitilar wayar salularsa ya riƙe da hannu ɗaya yana tuƙi da ɗayan. Bayan keken kuwa baƙi ƙirin, ko danja babu. A ganina an juya lamarin ne. Ramin da ke gabanka kana iya rage gudu ka kauce masa, amma motar da ta taho ta bayanka ba ka da iko a kanta, sai dai in direbanta ya gan ka da wuri.

A yi lissafi kaɗan. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowane sakan. Ƙaramar fitilar mota, wadda direba yake komawa gare ta idan wata motar ta fuskanto shi, ba ta haska fiye da mita 50 ko makamancin haka. Ke nan daga lokacin da haskenta ya faɗa kan mai keken da ba shi da fitila, abin da ya rage wa direba sakan 3 ne ko 4, a cikinsu zai gane cewa mutum ne, ya ɗaga ƙafa, ya taka birki. Idan babbar mota ce shaƙe da albasa ko siminti a hanyar Ƙonni ko ta Agadez, wannan lokacin bai isa ta tsaya ba. Jar fitila ƴar ƙarama kuwa, matuƙar batirinta yana da rai, ana hango ta daga ɗaruruwan mitoci, tun kafin fitilar motar ta kai ga mai keken. Wannan ne dalilin da ya sa yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta birnin Biyana ta 1968 kan zirga-zirga a hanyoyi, wadda Nijar take cikinta, ta tanadi cewa keke ya kasance da birki, da ƙararrawa, da fitila fara ko ruwan ɗorawa a gaba, da jar fitila da kuma jar danja mai maido da haske a baya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗurran hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma in an kwatanta da yawan jama'a nahiyar Afirka ce ta fi kowace asara. Don haka wanda kuɗinsa bai kai na fitila biyu ba, shawarata ita ce ya fara da ta baya.

Sai dai sayen ta bai wadatar ba, sai an duba inda aka ɗaura ta. Yawancin fitilun baya an yi su ne don a maƙala a ƙarfen da ke ƙarƙashin sirdi, kuma waɗanda suka ƙera su ba su yi tunanin irin lodin da muke yi ba. Da zarar an ɗora buhu ko kwandon biredi a baya, ko an goya yaro, ko babbar riga ta sauko ta rufe sirdi, fitilar tana ci amma babu mai ganinta. Wurinta shi ne can ƙarshen ƙarfen ɗaukar kaya, tana kallon baya sak, ba sama ko ƙasa ba. A bar danja a wurinta ko da an sa fitila, domin ita ba ta buƙatar batir, kuma ranar da fitila ta mutu a hanya ita ce za ta rage. A riƙa share su da tsumma, don ƙurar yini guda tana dushe su. Ƴan madubai ruwan ɗorawa da ke jikin feda su ma kada a raina su, domin hawa da saukar da suke yi shi ne yake sanar da direba nan take cewa keke ne a gabansa.

Fitilar gaba aiki biyu take yi, a gan ka, kuma ka ga hanya, kuma zaɓinta ya danganta da inda kake bi. Ana auna yawan hasken da fitila take fitarwa da lumen. Wanda ke yawo a tsakiyar gari, kan kwalta mai fitilun titi, lumen 100 zuwa 200 ya ishe shi. Wanda yake ratsa lungunan yashi ko yake fita zuwa ƙauyukan kewaye, inda jaki ko amalanke marar fitila zai iya ɓullo masa ba zato, yana buƙatar kamar lumen 400 zuwa 800. Abin da ya wuce haka ba shi da wani amfani ga mai tafiyar kilomita 15 ko 20 a awa.

A nan ne nake jan hankali game da abin da ake rubutawa a jikin kwali. Za ka ga fitila da ba ta fi babban yatsa ba, an rubuta lumen 5000 ko 10000 a kanta. Ƙwan LED, wato irin ƙwan da ke cikin fitilun zamani, yana ba da kimanin lumen 100 a kowane wat na wuta, saboda haka lumen 5000 yana neman kusan wat 50, kuma batir ɗaya mai caji irin wanda ake kira 18650, wanda ke cikin yawancin waɗannan fitilu, ko rabin awa ba zai jure wannan ba. Shi kansa batirin, na kirki a cikinsu bai cika wuce 3500 mAh ba (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir yake ɗauka), don haka wanda aka rubuta wa 9900 mAh ƙarya ce tsagwaronta. Tambayar da ta fi amfani ita ce awa nawa fitilar take yi a matsakaicin haske, kuma a nemi wadda za ta ninka tsawon tafiyar mutum.

Ƙarfin haske kuma yana iya zama cuta idan ba a saita shi ba. Tocila tana watsa haskenta ko'ina, rabi a ƙasa rabi a idon wanda ya taho, kuma ɗan kabu-kabun da ka kashe wa ido kai zai fara bugewa. Tocilar goshi irin ta masu haƙar zinariya ta fi muni, domin duk wanda ka waiwaya ka kalla ka makantar da shi. A Jamus doka ta wajabta cewa fitilar keke ta kasance mai yanke haske daga sama kamar ƙaramar fitilar mota. Ko ba a samu irinta a kasuwarmu ba, gyaran mai sauƙi ne: a tsayar da keke taki goma daga bango da dare, a kunna fitila, a sunkuyar da ita har tsakiyar hasken ya sauka ƙasa da tsayin da aka ɗaura ta. Wannan ya fi muhimmanci a lokacin hunturu, domin idan hazo ya sauka, hasken da aka ɗaga sama ƙura yake bugawa ya dawo idon mai shi.

Dattawa suna yabon dinamo irin na kekunan da, mai gogar taya, wanda ke ba da bolt 6 da wat 3, kuma suna da gaskiya cewa ba ya neman caji ko kuɗin batir. Aibinsa shi ne yana dushewa idan gudu ya ragu, wato daidai lokacin da yashi ya kama ƙafar keke, kuma tsohon samfurinsa yana mutuwa ɗungum idan aka tsaya a mararraba. Fitila mai caji da USB ta fi sauƙin sha'ani, tunda ko an ɗauke wuta akwai masu cajin waya da hasken rana, amma kada a bar ta a jikin keke cikin rana, domin zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana saurin kashe batirin litiyom. A duba alamar IP a jikinta, wadda ke nuna yadda take jure ruwa da ƙura: IPX4 tana jure yayyafi, IP65 kuwa tana hana ƙura shiga, kuma mu nan ƙura ta fi damunmu. A gwada maɗaurinta tun a shago, a girgiza keken da ƙarfi, domin fitilar da ke sunkuyawa da kanta a kan gargada ba ta da amfani. Mai walƙiya tana jan ido da almuru kuma tana adana batir, amma a hanyar da babu fitilun titi gara a bar ta tana ci tsaye, don walƙiya tana hana direba kintata nisan mai keke.

Roƙona ga masu gyaran keke shi ne kada keke ya bar rumfarsu ba su duba danjarsa ba, kamar yadda suke duba birki. Ƴan kasuwa su riƙa shigo da fitilar gaba da ta baya a haɗe, su kuma bayyana wa mai saye gaskiyar ƙarfinta. Iyayen da suka saya wa yaro keken zuwa makaranta su sa kuɗin fitila a cikin lissafin tun farko. Ina kuma kira ga ma'aikatar magajin gari da jami'an kula da hanya da gidajen rediyon garin nan su yi wayar da kai a kan wannan kafin shigowar hunturu, kuma a sa masu amalanke a ciki, domin su ma a wannan duhun suke tafiya.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Tahoua