Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jihar Nasarawa Kan Hanyar Farin Ruwa

Mai Girma Gwamna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Allah Ya taya riƙo.

Ranka ya daɗe, maganar matsirgar Farin Ruwa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ba sai na yi maka kwatance ba, kai ɗan wannan shiyya ne, Akwanga da Wamba kuwa katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ka san yadda ruwan ke tasowa daga tuddan Filato ta wajen Bokkos, ya zo ya sako kansa ƙasar Wamba daga tsayin da aka ƙiyasta ya kai mita 150. Matsirgar Biktoriya da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, wadda duniya ke tururuwar zuwa gani, tsayinta mita 108 ne. Ta fi tamu faɗi nesa ba kusa ba, amma a tsayi tamu ce gaba. Abin da ke ci mini rai shi ne, wannan kyauta tana kimanin kilomita 30 kacal daga garin Wamba, amma yawancin 'ya'yan jihar nan a hoto kaɗai suka san ta.

Ni malamin makaranta ne. Da daminar bara na kwashi ɗalibai 14, na ce yau za su ga abin da nake zana musu a allo. Mun yi sammako. Muddin muna kan kwalta, tafiya lafiya lau. Da muka sauka burji sai labari ya canza. Sau biyu motar ta kafe a taɓo, yara suka sauko suna turi, a na uku direba ya kashe mota ya ce ko nawa za a ba shi ba zai ƙara taku ba. Ban ga laifinsa ba, da motar yake ci da iyalinsa. 'Yan acaɓa muka samu suka riƙa jigilarmu bibbiyu, wani wurin ma sai mu sauka mu tattare wando mu tsallake rafi, mai babur yana tura abinsa a bayanmu.

Daga inda babur ya tsaya zuwa gindin ruwan ba wata tafiya ba ce, 'yar gajeriyar hanya ce ta cikin kurmi. Kuma wallahi ban taɓa taka hanya mai daɗinta ba. Kana shiga inuwa ta rufe ka, zafin rana ya yanke kamar an kashe fitila. Ƙasa duk ruɓaɓɓen ganye, ƙanshin danshi yana tashi. Tun ba ka ga komai ba za ka fara jin rugugi, yaran suka ɗaga kai suna neman hadari. Sai iska mai sanyi, sai feshi a fuska, sai itatuwa suka buɗe. Ga shi nan, fari fat tun daga sama, kamar an warware bandir ɗin alawayyo a jikin baƙin dutse. Ɗaliban da suka cika mini kunne da surutu tun safe suka yi tsit. Wata yarinya ta kama hannun ƙawarta tana ta maimaita "Subhanallah", ba ta ma san tana faɗa ba.

Ita wannan yarinyar ce ta zame a hanyar dawowa. Duwatsun wurin gansakuka ya lulluɓe su, santsi kamar an shafa musu karkashi, kuma babu abin da mutum zai dafa. Ta faɗi a kan gwiwa, dutse ya tsage mata ƙwauri. Babu akwatin magani, babu wanda aka ajiye don irin wannan. Saurayin ƙauyen da ya yi mana jagora ya cire rigarsa ya yage, muka ɗaure mata, ya goya ta har bakin hanya. Allah Ya taƙaita, ɗinki ne kawai. Amma a wannan daren ban runtsa ba, ina ta tunanin da kanta ne ya bugu, me zan je in gaya wa iyayenta?

Wannan saurayi ya gaya mini su ne ke sare ciyawar hanya da addunansu idan ta rufe, don kada baƙo ya taka maciji. Ba wanda ke biyansu, sai ɗan abin da baƙo ya ga dama ya miƙa.

Ranka ya daɗe, ga inda gizo ke saƙar. Farin Ruwa da damina yake cika ya batse, da rani kuwa ya rame. Lokacin da ya fi cancanta a je a gan shi, shi ne daidai lokacin da hanya ke hana zuwa. Wanda ya daure ya jira rani, ya sha ƙura ya isa, sai ya tarar da rabin abin da aka ba shi labari, ya koma gida yana cewa an zuzuta. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Je ka dubi matsirgar Assop a gindin Hawan Kibo, ko Gurara ta Jihar Neja. Ba su kama ƙafar tamu a tsayi ba, amma sun fi ta baƙi, don mai mota zai iya kaiwa kusa da su ba tare da ya yi wasiyya ba. Mutumin Abuja da ke neman inda zai kai iyalinsa ranar Asabar, ta Keffi da Akwanga zai biyo, kuɗin mansa da na abincinsa a garuruwanmu zai kashe su, in da ya tabbata zai isa.

Na san ba a hannunka abin ya fara ba, gada ka yi. Tun zamanin gwamnatin farar hula ta farko a jihar nan, tsakanin 1999 da 2007, aka ce Farin Ruwa zai zama wurin yawon buɗe ido na a zo a gani, aka gina ɗakunan baƙi, aka kuma fara madatsar ruwa da aka ce za ta ba da wuta megawat 20. Mutanen yankin sun yi murna, sun ba da haɗin kai, sun jira. Yaran da aka haifa a wancan lokaci yau su ne ke goya baƙi a baya. Alƙawarin da gwamnati ta ɗauka ba ya tafiya da wanda ya sauka, yana nan kan kujera yana jiran wanda ya hau, kuma yau kai ne a kai, a wa'adinka na biyu.

Ba na roƙonka otal mai hawa goma. Maganar madatsa ma na bar ta, na san ta fi ƙarfin wasiƙa ɗaya. Kai injiniya ne, ka fi ni sanin cewa abin da nake nema ƙarami ne. A zuba tsakuwa a ƙarshen hanyar nan, a sa kwalbatoci a rafukan da ke yanke ta, yadda motar haya za ta shiga a watan Agusta. A cikin kurmin kuma a yi matakala a wuraren gangare, a kafa ƙarfen dafawa inda dutse ke da santsi, ba tare da an sare itatuwan ba, don su ne rabin kyan wurin. Samarin da ke aikin nan kyauta a ɗauke su, a koya musu taimakon gaggawa, a ba su akwatin magani da ɗan albashi. Ban-ɗaki da wurin zuba shara ma ana buƙata, don robobin ruwa sun fara taruwa a gindin duwatsu.

Don Allah, Ranka ya daɗe, ka zo da kanka, kuma ka zo da damina. Kada a sanar da wuri har a turo greda ta share maka gaba. Ka sauka inda direbanmu ya kashe mota, ka taka sauran da ƙafa, ka nemi samarin ƙauyen su nuna maka dutsen da ɗalibata ta faɗi a kai. 'Yan ajin bana sun riga sun fara tambayata yaushe ne nasu zuwan, ni kuwa har yanzu ban ba su amsa ba.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta daga Akwanga