Nawa aka saye ni? Ga amsarka, ɗana

Ɗana, assalamu alaikum. Ina fata ƙafar Mma ta yi sauƙi.

Ban ji shirin da kunnena ba, ina kasuwa. Amma kafin la'asar mutum huɗu sun turo min muryarka a WhatsApp. A gidan rediyo, duk Kumasi na saurare, ka ce Hajiya ta fito ta gaya wa mutanen zango nawa aka ba ta har ta juya wa Dakta Bawumia, ɗan takarar jam'iyyarta NPP a zaɓen shugaban ƙasar Ghana na 2024, baya, Musulmi ɗan'uwanta, a karon farko da Allah ya kai mu bakin kujerar. Sau biyu ka maimaita, don kada mai gyangyaɗi ya rasa.

Ka san ƙofar gidana, ka san inda nake ajiye fura. Ba ka zo ba. Tunda a kasuwa ka kwance min zani, a kasuwar zan ɗaura abina.

Na ɗauki katin NPP a 1992, lokacin da sa rigar giwa, tambarin jam'iyyar, a unguwarmu Aboabo ya fi cin bashi kunya. Ana nuna ni da baki, ana cewa ga wadda ta bi jikokin Firayim Minista Busia, waɗanda suka ba iyayenmu baƙi mako biyu su tattara su bar ƙasa a 1969. Akwai gidajen da suka daina kawo min goron biki. A 1996 na kwana a rumfar zaɓe ina gadin akwati, aka kayar da ɗan takararmu Kufuor, na dawo gida da kumburarrun idanu. A shekarar aka yi sunanka, ni na tuƙa tuwon. Shekara takwas muna adawa, ko kuɗin mota babu mai ba mu. Macen da ba ta sayu ba tana da yara biyar a ɗaki ɗaya, yanzu da furfura ne za ta sa wa kanta farashi? Zo kasuwar Kejetia ka duba rumfata. In an saye ni, to kuɗin bai iso ba tukuna. Sabon babur ɗin da ka fara hawa ana gab da zaɓe kuwa, ban tambaye ka ba, kuma ba a rediyo zan tambaya ba.

Amma maganar kuɗi ba ita ta hana ni barci ba. Addinin da ka jawo ciki ne.

Ɗana, mu ne muka yi shekara talatin muna bi gida-gida muna roƙon mutanen zango kada su auna jam'iyya da ƙabila ko addini, su duba aiki. Da wannan bakin muka samu ƙuri'un da muka samu, har Allah ya kawo marigayi Aliu Mahama mataimakin shugaban ƙasa a 2001. Ranar da abin ya zo kanmu sai mu juya harshe, mu ce a dangwala don ana jin kiran salla a gidansa? Me zan ce wa maƙwabciyata Ba'asantiya, Kirista, da muke cin abinci kwano ɗaya a kasuwa, idan gobe ta ce ita ma sai ɗan cocinsu? Katin jam'iyya ba kalmar shahada ba ce. Wanda ya ajiye shi bai yi ridda ba. Ban taɓa zagin Dakta Bawumia ba, kai shaida ne. Na yi salla a babban masallacin Kumasi bayan gyaran da ya yi masa, na kuma yi masa addu'a. Washegarin zaɓen 7 ga Disamba 2024 ya kira John Mahama na jam'iyyar NDC ya amsa kaye tun hukumar zaɓe ba ta yi magana ba, na ce wannan ɗan halak ne. Mutuncinsa daban, littafin bashina daban.

Bari in tuna maka ƙarshen 2022. Dala ta tashi daga sidi 6 a farkon shekara ta haura 13, hauhawar farashi ya kai kashi 54 cikin 100 a Disamba. Wata mata ta zo da safe ta taya turmi uku na atamfa na auren 'yarta, ta ce in jira ta je ta haɗo kuɗi. Kafin ta dawo da azahar dilana ya bugo waya ya ƙara kuɗi. Ta tsaya tana kwance bakin zani, tana ƙirga abin da ta riga ta san bai kai ba. Ƙanenta ya turo mata ciko ta MoMo, wato ta waya, harajin tura kuɗi na E-levy ya yanki nasa. Turmi ɗaya ta tafi da shi, ba ta ko waiwayo ba. Wannan matar kuke so in buga wa ƙofa in ce mata a karya takwas, wato NPP ta zarce bayan shekara takwas tana mulki? Bawumia, mutumin da ya shugabanci kwamitin tattalin arziki na gwamnati, ya fito ya ce shi yaron mota ne kawai, ba direba ba. To mu da muke shiga motar Aboabo kullum mun san wanda ke miƙo hannu ya karɓi kuɗi a cikin mota.

Kuma ban yi a ɓoye ba. A taron mazaɓa, ƙarƙashin rumfa, na miƙe na ce ba zan fita kamfen ɗin shugaban ƙasa ba, kuma duk macen da ta tambaye ni zan gaya mata dalili. Kai ke riƙe da makirifo, kai ka kashe shi. Da daddare kuma wa ya zauna a tabarmata yana cewa wallahi Hajiya gaskiyarki ce, mutane sun gaji?

Ka ce na bi malam-buɗe-littafi, tambarin Alan Kyerematen da ya bar NPP ya tsaya takara da kansa. Ban bi ba, kuma ba abin tsayawa ba ne: Alan Kyerematen ko kashi ɗaya bai samu ba. Giwa ba ta faɗuwa don malam-buɗe-littafi ya tashi daga bayanta. Ɗan takararmu Akufo-Addo ya samu ƙuri'a sama da miliyan 6 da dubu 700 a 2020. A 2024 kusan miliyan 2 sun ɓace mana, kuma yawancinsu ba ƙarƙashin lemar NDC suka koma ba, a gida suka zauna. Su ma duk saye su aka yi? Wane attajiri ne wannan? Tun Oktoba 2022 'yan majalisarmu kusan 80 suka fito suka ce a cire ministan kuɗi, ba a ji ba. Da aka tashi nuna ƙarfi sai aka ce mutum huɗu sun fita daga jam'iyya don sun bi Alan, cikinsu har da Boniface Abubakar Saddique, ministan farko na ma'aikatar raya zango. Ita kanta ma'aikatar an nannaɗe ta a 2021, ban ji ka a rediyo ba ranar. Ka tambayi dattawa yadda gidan nan ya rabu biyu a 1979 tsakanin Victor Owusu da Paa Willie, har abokin hamayyarsu Limann ya wuce ta tsakiya ya zama shugaban ƙasa.

Abin da ke ci min rai, ɗana, mu 'yan zango ba a tuna mu sai azumi ya kama a shekarar zaɓe. A sauke shinkafa da sukari, a ɗauki hoto da limamai, a tafi. Damina ta zo, kwata ta cika, ruwa ya shiga ɗakunanmu, mu kwashe da bokiti. Kowace jam'iyya haka take mana, kuma yaranmu ne ake ba rigar gadi a tura su gaba ranar rigima. In muka buɗe baki sai a aiko ɗanmu na cikinmu ya tambaye mu nawa aka biya mu. Na ji an ce kana neman kujera a zaɓen shugabannin mazaɓa mai zuwa. Allah ya ba da sa'a. Sai dai ka nemi wani tsanin, bayana ya tsufa.

Katina yana cikin akwati tare da fasfon Hajjina. In an yanke a karɓa, kada a aiko takarda, ka zo da kanka ka karɓa a hannuna. Ka taho da cikon kuɗin leshin auren ƙanwarka, har yanzu yana cikin littafi.

Ka gaida Mma.

Uwarka ta Aboabo, Kumasi