Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobi: Daga Daminar 2024 Zuwa Layyar 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da ƴan uwana mambobin ƙungiyarmu ta taimakon marasa ƙarfi a nan Maraɗi.

Biro, wato kwamitin shugabannin ƙungiya, ya sake ɗora mini rubuta rahoton bana, kuma da maganar kuɗi zan fara, don duk abin da za ku karanta a ƙasa a kanta ya rataya. Zubinmu jaka ɗaya ne a wata, wato sefa dubu. Ba biro ne ya yanka shi ba, mu duka muka ɗaga hannu a babban taro muka ce mun yarda. To, a cikin waɗanda sunansu ke cikin littafin ma'aji, waɗanda suka biya shekarar cif ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Wasu sun biya wata biyu ko uku suka yi shiru. Akwai kuma waɗanda tun ranar da suka karɓi katinsu ko dala ba ta fito daga hannunsu ba, amma sunansu na nan, kuma su ne na gaba wajen tambayar ina aka kwana. Ni da ma'aji mun bi mutane shago da gida, daga unguwar Sabon Gari har unguwar Zariya a nan cikin gari, muna shan "ka dawo gobe" da "Alhaji ya fita". Ba albashi ake ba mu ba, kuma mu ma muna da iyali da sana'a.

Tarurrukan wata an yi su, galibi fuskokin da kuka sani ne suke zuwa.

Yanzu ga maganar magazar rumbun tsimi, wato ɗakin ajiyar hatsin da muke ginawa, wadda na san ita ce a bakin kowa. Gaskiya ne bango ya tashi har linta, gaskiya ne babu rufi, gaskiya ne kuma an yi alkawarin gama ta kafin kaka. Abin da masu tsegumi ba sa haɗawa da shi shi ne ruwan ranar Juma'a 30 ga Agusta 2024. Kowa a garin nan ya ga abin da ya faru: ƙidayar farko ta hukuma ta ce mutum 15 ne suka rasu, gidajen laka suka zube, mutane suka kwashi yara da ƴan tsummokaransu suka koma azuzuwan makarantun boko. Barnar ruwan daminar ce ma ta sa gwamnati ta ɗage komawa makaranta a ƙasa baki ɗaya zuwa 28 ga Oktoba. A wancan makon kuɗin tol, wato kwanon rufi, da katako suna hannun ma'aji. Biro ya zauna a daren Asabar, aka yi shawara, aka ce a sayi hatsi, tabarmi, gidan sauro da sabulu da su. Duk wanda ya shiga ajin da muka shiga, ya tarar da mai jego kwance a kan siminti, an jera teburan yara an yi mata shamaki da zane, ba zai ce a bar kuɗi a akwati saboda rufin magaza ba. Rasit ɗin kowane saye yana wurin ma'aji, ƙofarsa kuma a buɗe take. Idan da za a maimaita, abin da za mu sake yi ke nan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. A watan Oktoba gwamnati ta rage kuɗin siminti, ta kuma hana fitar da hatsi waje in ban da Mali da Burkina. Damina ta yi kyau a wurare da yawa, sabon hatsi ya shigo, kuɗin tiya, wato kwanon awon hatsi, ya sauko sosai daga inda ya kai a tsakiyar damina. Wannan shi ne lokacin saye. Duk hikimar rumbun tsimi ke nan: a sayi hatsi da kaka yana araha, a adana, idan bazara ta wuce aka shiga Yuli da Agusta, rumbuna sun ƙare, sabon bai nuna ba, sai a fitar wa marasa ƙarfi da rangwame, wanda ba shi da ko sisi a ba shi kyauta. Mun je kasuwar hatsi ta Kadro mun ga buhuna jibge, amma akwatinmu ba komai, don zubin Satumba, Oktoba da Nuwamba bai shigo ba. Wasu sun kawo nasu a Fabrairu suna cewa ai ga shi sun biya. Allah ya saka da alheri, amma jakar Nuwamba da jakar Fabrairu ba hatsi ɗaya suke saye ba, balle ta Yuli. Jinkirin nan ya ci mana buhuna, buhunan nan kuwa tuwon wasu gidaje ne.

Injin niƙan da aka ce za a saya wa zawarawa da matan da mazansu suka rasu, shi ma bai samu ba. Wani bawan Allah ne ya yi alkawarinsa a bainar jama'a, aka yi masa kabbara. Mun tuna masa cikin ladabi, har yau muna jira. Tun farko ba daga akwatin ƙungiya aka tsara sayensa ba, don haka kada a ɗora wa biro.

Sai abin da ya faranta mana rai, wato ciyarwar azumi. Azumin bana ya kama a farkon Maris, zafi ya fara kankama, kuma muka shige shi da abin da bai fi na kwana goma ba a hannu. Shugabar mata ce ta ce a ɗora tukunya kawai, Allah zai kawo sauran. Haka kuwa aka yi, tun daga ɗaya ga wata har daren sallah wuta ba ta mutu ba a gidan da aka ba mu aro.

Iyayenmu mata su ne suka ɗauki aikin nan a ka. Tun da hantsi ake jiƙa wake, a surfa, a kai markaɗe. Kafin la'asar an dama kunun tsamiya a manyan tukwane, ƴan mata sun zauna gaban kasko suna sakin ƙosai, ga hayaƙi ga ƙishirwa, su ma da azumi a bakinsu. Ran da aka samu hali a yi shinkafa da wake, wata rana dambu da zogalen Jiratawa. Akwai wata tsohuwa, ba mamba ba ce, fura take sayarwa a bakin titi. Duk ranar Juma'a sai ta zo da tiya ɗaya ta hatsi a ƙwarya, ta juye a buhunmu, ta ce a sa mata albarka, ta tafi ba ta ko zauna ba. Wani mai sayar da itace ya riƙa sauke mana amalanke bai karɓi komai ba. Wani mai firiza ya ɗauki nauyin ƙanƙara. Ƴan kasuwa biyu daga cikinmu suka aiko da sukari, mai da dabino, suka ce kada a ambaci sunansu, kuma ba za a ambata ba. Ƴan uwanmu da ke ci-rani su ma sun turo abin da ya sawwaƙa.

Rabon kashi uku muka yi shi. Na farko a ƙofar masallaci, ga almajirai, matafiya da ƴan ga-ruwa. A nan ne kuma muka riƙa ganin mata da ƙananan yara daga cikin waɗanda ƴan bindiga suka koro daga Zamfara, Sakkwato da Katsina. Tun 2019 suke tsallakowa yankin Gidan Rumji da Madarunfa, wasunsu har sun gangaro cikin gari. Na biyu, masu jinya a asibiti, waɗanda suka zo daga ƙauye suna kwana a tsakar fili ba su san kowa a Maraɗi ba. An rage kuɗin ganin likita a asibitocin gwamnati bara, an gode, amma mai jinya sai ya ci abinci.

Kashi na uku shi ne wanda na fi so mambobi su sani, don ba a ganinsa. Akwai gidajen da ko za su kwana uku ba su ɗora tukunya ba, ba za su fito layi da kwano ba: tsohon da ya yi sana'a da mutuncinsa ƙarfi ya ƙare, matar da miji ya tafi neman kuɗi shekara biyu ba labari, mai takaba da marayu. Mai unguwa da liman da matan da suka san cikin gidaje su ne suka nuna mana su, kuma takardar sunayen ba ta wuce hannun mutum uku ba. Matasanmu ƴan kabu-kabu ke ɗaukar kwanukan a rufe, ana gab da kiran magariba, su yi sallama a zaure, su miƙa wa yaro, su juya. Ba hoto, ba sanarwa. Wasu sun yi ƙorafi a zauren WhatsApp cewa ba su ga hotunan rabo ba, wai ta yaya za su tabbatar. Amsar biro ita ce ba za mu ɗauki hoton fuskar dattijo yana karɓar kunu ba. Mai son tabbatarwa ya zo ya ɗauki kwano ya raka yaran. Man baburansu ma da kuɗinsu suka riƙa sha, lokacin da cinikin yamma ya fi tsoka suka bari don wannan aiki. Allah ya yi musu albarka, ya biya su da abin da ya fi.

Zakkar fidda-kai da aka damƙa mana mun auna ta mun raba kafin a sauko idi. Da layya kuma an tara nama washegarin sallah an bi gidajen nan dai da shi, fatun da aka ba mu aka sayar, kuɗin suka shiga akwati.

Sai dai ina roƙon kada daɗin azumi ya rufe mana ido. Da azumi kowa hannunsa a sake yake, alhazan garin nan suna fitar da zakka, masallatai suna dafawa, maƙwabci yana miƙa wa maƙwabci. Yunwar da ke kayar da yara ba a watan nan take zuwa ba, da damina take zuwa, tare da zazzaɓin cizon sauro. Waɗanda suka yi wayo a 2005 sun tuna yadda aka cika cibiyoyin tamowa na Maraɗi da yara. Gwamnati takan buɗe sayar da hatsi da rangwame ta hannun OPVN, hukumar da ke kula da rumbunan abinci na ƙasa, ƙungiyoyin agaji ma suna nasu, amma layin yana da tsawo, kuma mai rangwamen ma sai da kuɗi a hannu. Tsohuwar da ba ta iya tsayuwa a layi, mu da muke unguwa ɗaya da ita ne muka san ƙofarta. Ga damina ta kama, abin da ke hannunmu kuwa ba zai kai mu ƙarshen Yuli ba.

Don haka biro zai kawo shawarwari a babban taro mai zuwa. Duk wanda bashin zubinsa ya wuce wata shida, a ba shi wata ɗaya ya biya ko ya zo ya faɗi uzurinsa. Wanda ya shiga matsi babu kunya a ciki, za a ɗage masa, amma wanda ya yi shiru a cire sunansa, mu san ko mu nawa ne. Mambobin da ke noma kuma a ba su damar biya da dami ko da tiya lokacin kaka maimakon kuɗi. Sannan a samu mutum ɗaya a kowace unguwa, Mokoyo, Bagalam, Ɗan Gulbi, Ali Ɗan Tsoho da sauransu, ya riƙa karɓar zubin mutanensa, don mutum biyu ba za su iya zagaye garin nan kowane wata ba. Tol ɗin magaza kuma, magini ya kawo lissafinsa, za a karanta shi a taron, kowa ya faɗi bandir ko falle nawa zai ɗauka, a rubuta a gabansa.

Ma'aji zai zo da littafi da rasit. A zo da katin mamba, kuma a zo da wuri, don a gama kafin magariba.

Wassalamu alaikum.

Magatakardan ƙungiya, Maraɗi