A riƙa duba ƙasan takalmi kafin a shiga fili

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini don in ja hankalin 'yan'uwana masu horar da matasa ƙwallo kan takalmin da yara ke ɗaurawa. Launi da sunan kamfani ake kallo, ba wanda ke kifa takalmin ya ga ko ƙasansa ya dace da filin.

Illar santsi ba sai na daɗe a kanta ba. A 2008 John Terry ya zame cikin ruwan sama a Mosko, ya ɓarar da fenaritin da zai ba Chelsea kofin Zakarun Turai. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1954 a birnin Bern, fili ya jiƙe sharkaf, Jamus ta Yamma ta doke Hangari 3-2 da takalman Adi Dassler, wanda ya kafa kamfanin Adidas, masu ƙusoshin da ake kwancewa a sa dogaye. Ban ce takalmi ne ya ci ƙwallayen ba, amma dai Hangarin ce ta lallasa su 8-3 a wasan rukuni.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne riƙo idan ya yi yawa. Yaro ya sa but mai dogayen ƙusoshi, wanda aka yi don jiƙaƙƙen fili, ya hau ciyawar roba da shi. Laka tana tsagewa ta saki ƙusa idan an juya. Roba kuwa cafkewa take yi. Jiki ya juya, ƙafa ta kafe wuri guda, sai murɗawar ta ƙare a gwiwa. Haka jijiyar cikin gwiwa ke tsinkewa, yaro ya zube yana ihu, a yi ta neman wanda ya yi masa ƙeta alhali ba kowa kusa da shi. Jinyar watanni ce, sau da yawa sai an yi tiyata. Ciyawar roba ƙusoshi gajeru take so, zagayayyu, masu yawa, yadda ƙafa za ta iya juyawa. A busasshiyar ƙasa mai tauri kuma ƙusar ba ta ma shiga, yaro na gudu a kan tsini, kafin ka ankara idon sawu ya gurɗe.

'Yan tanis sun fi mu lura. A kan jar ƙasar Roland Garros da ke Faransa da gangan suke zamiya su tari ƙwallo, takalminsu ma don haka aka yi shi, in sun isa ciyawar Wimbledon a Ingila su canza wani. 'Yan ƙwallon kwando ma za ka ga suna shafa tafin takalmi da hannu, saboda ƙura kaɗan ta isa ta raba robar takalmi da katakon filin.

Kada mu dogara da alƙalin wasa. Duban da yake yi wa ƙusoshi kafin a take leda don kada su yanki abokin karawa ne, ba ruwansa da gwiwar mai takalmin. Ni yanzu kafin atisaye kowane yaro sai ya ɗaga mini ƙafa na gani, wanda ya zo da dogayen ƙusoshi ranar da ƙasa ta bushe ya koma ya sa kambas, ko ya zauna a benci ya yi ta gunaguni.

Wassalam,
Wani mai horar da matasa ƙwallo