Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinan Ilimi na Jihar Jigawa: A Koya wa Yaranmu Karatun Sammaci

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malami ne a wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke ƙasar Haɗeja, darasin Gwamnati nake koyarwa. Wata takarda da ɗalibina ya kawo mini da daminar bara ita ta sa na ɗauki alƙalami.

An fita tara, aji ya watse, shi kuwa ya tsaya jikin taga yana murza littafinsa. Da na ce ya matso, sai ya zaro takarda a ninke gida huɗu, gumi ya jiƙa gefenta. Masinjan kotu ne ya kai ta gidansu kwana uku da suka wuce. Tun ranar mahaifinsa bai sake kwana a gida ba, ya tsere wurin ƙanensa a wani ƙauye. Mahaifiyar kuma ta sa an kai tunkiyarta kasuwa, don wani mai shiga-tsakani ya ce mata sai da kuɗi za a kashe maganar. Na warware takardar, sai na ga sammacin shaida ne. Maƙwabtansu biyu ke rigimar iyakar gona, alƙali na son dattijon ya zo ya faɗi inda ya san tsohon layin gamba ya bi. Ba wanda ya yi ƙararsa.

Ranka ya daɗe, yaron nan shi ne na ɗaya a ajina. Ko daga barci ka tashe shi zai jero maka tsarin mulkin Clifford na 1922, na Richards na 1946, na Macpherson na 1951, na Lyttelton na 1954, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya san Montesquieu, mutumin Faransa, da batun raba iko gida uku. Amma bai san bambancin mai ƙara da wanda ake ƙara da shaida ba. Ni kunya ta kama a ranar, don ni na koya masa na farkon na bar na biyun.

Wanda ke birni ba lallai ya ga girman wannan ba. A ƙauye ɗan sakandare shi ne idon gida. Shi ake miƙa wa katin asibiti, shi ke karanta saƙon banki a waya, shi ake tasowa da dare idan takarda mai hatimi ta iso. Duk abin da ya ce tana nufi, a kansa gidan zai kwana. In ya karanta daidai an huta, in ya yi shiru tsoro ya cike gurbin, masu cin abinci da tsoron talaka kuwa ba su da nisa.

Abin da ya kamata ya sani ba shi da yawa, kuma a rubuce yake. Babi na huɗu na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tattara haƙƙoƙin ɗan ƙasa. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji, kuma yana da damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. A gurfanar da shi cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, idan babu, kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Sashe na 36 ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar, kuma idan ba ya jin harshen da ake shari'ar laifi da shi a ba shi tafinta kyauta. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wani, wato ba a riƙe uba don ɗa ya gudu, ta kuma hana kamu a kan rigimar da ba laifi ba ce, irin su saɓa alkawarin ciniki. Beli a caji ofis kyauta ne, rundunar da kanta take shelanta haka. Duka wannan bai cika shafi biyu ba.

Sai matakalar kotuna. Mutanenmu da yawa sun ɗauka in alƙali ya yanke, magana ta ƙare. Ba su san cewa a kan aure da gado da riƙon 'ya'ya ana tashi daga kotun shari'a zuwa babbar kotun shari'a, zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha ba. Ko daga majistare zuwa Babbar Kotun Jiha. Kuma hanyoyin biyu suna haɗuwa a Kotun Ɗaukaka Ƙara, su tuƙe a Kotun Ƙoli a Abuja. Ba su san ɗaukaka ƙara tana da wa'adi ba, sai ya wuce a zo ana da-na-sani. Ɗaliba ta haddace a Islamiyya cewa matar mamaci na da tumuni idan akwai 'ya'ya, rubu'i idan babu, amma in an danne wa uwarta gona ba ta san ƙofar da za a ƙwanƙwasa ba. Kaɗan ne kuma suka taɓa jin akwai hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya kyauta, alhali tun 1976 take.

Haka batun mulki. Jiharmu na da ƙananan hukumomi 27, 'yan majalisar jiha 30, 'yan majalisar wakilai 11, sanatoci 3. Yara na iya haddace lissafin. Amma tambaye su wa za a tunkara in rijiyar burtsatse ta lalace, kansila ko sanata, sai ka ji an yi tsit. Ga shi a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma tun gyaran 2018 ɗan shekara 25 na iya takarar majalisar jiha. Waɗannan yaran ake nufi.

Na san abin da wasu dattawa za su ce, don an faɗa mini a fuska: za ku koya musu tsaurin ido. Ni abin da na gani akasin haka ne. Na gwada kafa kotun wasa a aji, shari'ar shanun da suka bar burtali suka shiga gonar wake. Muka jera tebura, wata yarinya mai sanyin murya ta zama alƙali, monita ya zama muhuti. Mai gonar ya taso da hargowa, ta ce ya zauna sai an ji ta bakin makiyayi. Ta nemi shaida, ya kawo ƙanensa. Ajin ya ɗau ihu wai wannan ai ɗan gida ne. Daga ƙarshe su da kansu suka ce da an je gaban bulama ko dagaci an kimanta ɓarnar, da ba a ɓata kwanaki ba. Ban koya musu darajar sulhu ba, su suka gano ta, bayan sun ga wahalar kafa hujja.

Na sani manhaja daga tarayya take zuwa, WAEC da NECO kuma ba a Dutse ake tsara su ba. Ba na roƙon a soke Richards. Abin da nake roƙo yana hannun ma'aikatarka. A buga ɗan littafi da Hausa, boko da ajami, mai ɗauke da babi na huɗu da hoton sammaci iri-iri da takardar beli da ta jinginar gona, a raba wa makarantu. A nemi haɗin kan sashen shari'a, kowane zangon karatu 'yan aji biyar su je kotun da ta fi kusa su zauna a baya su saurara, tunda zaman kotu a buɗe yake ga jama'a. Akwai alƙalai da rajistarori da suka yi ritaya suna zaune a garuruwanmu, ga kuma ɗaliban shari'a a Ringim. Awa ɗaya ta ranar Alhamis ta ishe su.

Dattijon nan dai ya dawo, na raka shi kotu da ɗansa. Ya ba da shaidarsa cikin minti goma, alƙali ya yi masa godiya, muka hau babur muka koma. Tunkiyar ce ba ta dawo ba, an riga an sayar, mai shiga-tsakanin kuma ya ce kuɗin ya shiga aiki.

Allah ya taimake ka, ya yi riƙo da hannunka.

Naka,
Wani malamin Gwamnati, daga ƙasar Haɗeja.