Dan Allah malam ya faɗa ma mutane kuka ba rashin imani bane

Assalamu alaikum Edita,

Ina sauraren shirinku na tambaya da amsa duk Juma'a in dai ina inda rediyo ke kamawa, shine nace bari in rubuto ko Allah zai sa malam ya taɓo wannan maganar.

Ni direban tirela ne, shanu nike ɗauka daga kasuwar Mai'adua zuwa Legas. Daminar bara ina gab da gadar Jebba ƙanena ya kira yace ɗiyata ta rasu, shekararta 7, zazzaɓi na kwana uku kacal, ranar da zan fita har cewa tayi Baba ka sawo mani takalmi. Kafin in shiga Ilori anyi mata sutura an kai ta maƙabartar Ɗan Marna. Ban ganta ba, ban sallace ta ba, ga dabbobin mutane a bayana ba halin juyawa.

Da na dawo kowa sai ya haƙuri ya haƙuri, ina amsa da godiya, amma wallahi baki ne kawai. Hawaye ya zubo mani sau ɗaya wani dattijon unguwa yace haba kai ba musulmi bane, tun daga nan na kulle abun a ciki. Sallah inayi ban fasa ba, saidai jikina ne ke ruku'u, zuciyar na can tana tambaya mi yarinyar nan tayi, mi yasa sai ranar da bani nan. Na faɗa ma wani abokina yace maza in sake kalmar shahada. Toh daga nan ban ƙara faɗa ma kowa ba, na dinga karɓar lodi kan lodi dan kar in kwana Katsina, wata takwas ko hanyar maƙabartar ban bi ba.

Wata rana mota ta lalace mana kusa da Mokwa cikin dare. Akwai wani tsoho cikin masu rakiyar shanu, muna shan shayi bakin titi ban san ya akayi ba na zazzage mashi komi, ina jira shima yayi mani faɗa. Sai yace ɗana ka san 'ya'ya nawa Annabi (SAW) ya rasa yana raye? Shida cikin bakwai, Nana Faɗima kaɗai ta rage. Yace ranar da Ibrahim zai cika, yaron bai kai shekara 2 ba, Annabi ya rungume shi idonshi na zubar da hawaye har Abdurrahman ɗan Aufu yace har kai ya Rasulallah, yace wannan rahama ce. Ya kawo Annabi Yaƙuba da idonshi yayi fari dan baƙin cikin Yusufa, amma Allah yake kai ma kukan. Kan tambayoyin kuma yace sahabbai ma sun kawo ƙarar wasuwasin da suke jin nauyin furtawa, Annabi yace masu wannan shine tsantsar imani.

Ko sunan tsohon nan ban tambaya ba. Na zaga bayan mota nayi kukan da banyi ba tun bara, asubar ranar ce na fara jin abinda nike karantawa.

Da na sauka na ja ƙanena muka je Ɗan Marna, ruwa ya baje ƙasar sai yace nan ne ko nan kusa, na tsaya wurin nayi mata addu'a. A gida kuma na tambayi uwarta ya take ji, abun kunya sai ranar na fara tambayarta, ashe ita ma ɓoyewa take a banɗaki tayi kuka kar ace bata da tawakkali.

Bance na warke ba, har yanzu in na wuce Jebba sai na kashe rediyo. Dan Allah Edita a ba malam wannan takardar, ya bambance ma mutane kururuwa da yage tufafi da aka hana da hawayen da Annabi da kanshi ya zubar. Takalmin na sawo shi a tafiyar, yana cikin akwatin mota.

Naku,
Wani direba, Ƙofar Marusa, Katsina