Rahoton Ayyukan Shekara: Kayan Sojan Ruwa na Zagayen Duniya na 1907 zuwa 1909

'Yan uwa membobi, assalamu alaikum. Ga bayanin abin da kwamitin adana kaya ya gudanar a bana.

Galibin aikin ya tafi ne a kan kundin hotuna da tsarabar wani sojan ruwa, ɗaya daga cikin mutum kusan 14,000 da suka bi jiragen yaƙi 16 masu farin fenti da Shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya tura zagayen duniya. Sun tashi daga tashar ruwa ta Hampton Roads a Amurka ranar 16 ga Disamba 1907, suka dawo ranar 22 ga Fabrairu 1909. Kwamiti ya yanke cewa ba za a rarraba kayan ba. 'Yan gwanjo sukan sayar da su ɗaiɗai don sun fi kuɗi haka, amma da zarar an raba katin wasiƙa mai hoto da kundinsa, babu sauran hanyar sanin mai shi ko jirgin da ya bi.

Jera kayan bisa kwanan wata shi ya fi cin lokaci. Mun bi tashoshin bi da bi: Tirinidad, Riyo, Punta Arenas, mashigin Magellan (lokacin ba a buɗe mashigin Panama ba sai 1914), Kalawo, sannan San Faransisko ranar 6 ga Mayu 1908. A nan jiragen Alabama da Maine suka fita daga ayari, jiragen Nebraska da Wisconsin suka maye gurbinsu. Don haka duk wanda ya kawo muku katin Riyo yana cewa daga sojan jirgin Nebraska ya fito, ku bar masa kayansa, domin jirgin bai je Riyo tare da ayarin ba. Haka batun tambarin gidan waya: sai a watan Mayu 1908 aka yi dokar da ta ba jiragen sojan ruwa damar samun ma'aikacin wasiƙu, saboda haka tambari mai sunan jirgi da kwanan watan Janairu 1908 abin tuhuma ne. Hotunan kangayen Messina, birnin Italiya da girgizar ƙasa ta rusa, su ma sun yaudari mutane da yawa. Girgizar ƙasar ta auku ranar 28 ga Disamba 1908, kuma jirage kaɗan ne, ciki har da Connecticut, aka tura kai agaji. Irin waɗannan katunan a kanti ake saye, ba su nuna cewa mai kundin ya taka garin ba.

Kowane kati mun duba shi da gilashin ƙara girma. Na ɗab'i yana nuna ɗige-ɗige jere, hoton da aka wanke daga fim kuwa sumul yake, kuma sau da yawa akan ga sunan takardar, AZO ko Velox, a gurbin kan sarki.

Ɓarnar da muka tarar iri uku ce. Baƙar takardar kundin tana da sinadari mai cin hoto, amma ba mu ɓamɓare komai ba, domin gam ɗin yakan tafi da rubutun baya. Takarda marar asid muka saka tsakanin shafuka. Gefen wasu hotunan ya yi ƙyalli kamar madubi, alamar danshi ya taɓa azurfar da ke jikinsu, kuma wannan ba ya gyaruwa. Ƙyallen siliki na Yokohama a Japan, inda ayarin ya sauka a Oktoba 1908, ya tsattsage daidai inda aka ninke shi. Yanzu an naɗe shi a jikin bututun kwali, an ajiye a duhu.

Katunan da ba a manna ba suna cikin ledar poliyesta. Ledar PVC tana tsatso maiƙo, ba ma amfani da ita. Ɗakin ajiya muna riƙe shi ƙasa da digiri 20 na ma'aunin Selsiyas, danshi tsakanin kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. An ɗauki hoton kowane kati gaba da baya da sikana a kan ɗigo 600 a kowane inci, aka rubuta lambarsa da fensir mai laushi.

Lambobin tagulla na tunawa da tarbar ayarin a Sidni ta Ostareliya suna nan ba a taɓa ba, su ne aikin baɗi. Mai irin su a gida kada ya goge su da man goge ƙarfe, kada kuma a liƙa salatif a kan hoto. A kawo su taro na gaba yadda suke, tare da ambulan ko akwatin da aka same su a ciki.